Babarbare Ya Sayi Kwale-kwale

Bawana! An ce mini ka sayi kwale-kwale. A Uba! Garin da kogin Yedzaram ke tumbatsa da damina, rani na yi ya koma yashi, sai an tona da ƙwarya kafin a ga ruwa. Na ɗauka a kan rairayi za ka riƙa tuƙa shi, sai aka ce a'a, Kiri za ka kai shi, dam ɗin nan na Shelleng da aka gama a 1982, ka riƙa kamun dare tunda Baga ta yi maka nisa. To, Allah Ya ba da sa'a.

Shekaranjiya na baro ɓangarenmu na Adamawa na leƙa naku na Borno don in ga dukiyata, tunda abin bawa na ubangidansa ne. Wallahi sai da na riƙe baki. Batir mai bolt 12 na zaune a ƙasan jirgi ba ɗauri. Caja kuma ka naɗe ta a ledar burodi, ka ɗaure da robar tayar keke, ka jingina ta da jarkar fetur. Har ka kawo ƙusa inci huɗu za ka kafe ta a cikin jirgin, daidai inda ruwa ke kwanciya. Kai da kakanninka suka sha ruwan Tafkin Chadi, yau Bafillatanin daji ne zai gaya maka ba a huda gindin jirgi?

Buɗe kunne. Caja na da kishiyoyi uku: ruwa, fetur, da batirin da take ciyarwa. Samo ɗan katako ka kafa a ƙarƙashin benci ko a jikin haƙarƙarin jirgi daga sama, inda feshi ba ya kaiwa, ka ɗaure ta a kai da sukurun da ba ya tsatsa. Cire ledar nan. Caja tana zafi in tana aiki, iska take so, ba rawani ba. Jarkar fetur ta koma can wajen inji, don tururin fetur nauyi gare shi, a ƙasan jirgi yake kwanciya, tartsatsi ɗaya yake jira.

Kada kuma ka rataye cajar a saman batir. In yana shan caji yakan fitar da iska mai kama wuta, ga hucin ruwan batir da ke cin ƙarfe. Su yi maƙwabtaka irin tamu: kusa, amma kowa da ɗakinsa. Batirin ya shiga akwati mai ƙofar iska, a ɗaure shi tam don kada igiyar ruwa ta kifar da shi. Jar waya kan alamar tarawa, baƙa kan ta ɗebewa, sannan ka sa fis a jar wayar, tazarar da ba ta wuce taƙi ɗaya daga kan batir ba. Ka shafa wa kawunan ɗan giris. In za ka yi caji da janareto, jawo jirgi tudu, haɗa batir tukuna kafin ka ba da wuta, kuma kada ƙafarka na cikin ruwa.

Na san za ka ce me mai sanda ya sani ban da nono. Ai mu ma sola muke ɗorawa a ruga, kuma ba mu taɓa ƙona bukka don cajin waya ba.

Ba don ƙaunarka na yi wannan dogon bayani ba, Kolejo. Cika-ciki na tafe, kuɗin sharata na bara ma ba ka biya ba. Bana ba na son kuɗi: kwali guda na bandar tarwaɗa za ka kawo har gida, a kanka. In ka tashi jirgin nan da wuta, kifi ya huta, ni kuma wa zai biya ni?