Kuka a Kaskon Suya

A Paki ba a yaba shuka sai ta yi girma. Masara ta haura kai, rake ya yi kauri irin na Makarfi da Kudan, tumatir ya cika kwando. A irin wannan gari ne ni kuma na ɗauri aniyar hana itace girma da gangan.

A waya na ga abin. Bonsai sunansa, sana'ar da Japanawa suka samo daga Sin: a dasa itace a kasko mara zurfi, a riƙa datse masa saiwa da rassa, a naɗe reshe da wayar tagulla a lanƙwasa, har ya tsufa bai wuce gwiwa ba. Suna ji da wani mai suna junifa. A 2019 aka sace wani mai shekara kusan 400 a Saitama, kusa da Tokiyo, masu shi suka fito suna roƙon ɓarawon da ya taimaka ya riƙa ba shi ruwa. Na ce itacen da ake lallashin ɓarawo a kansa, ai akwai kuɗi a ciki.

Junifa ba namu ba ne, sai na koma ga kuka. Na jiƙa ƙwallonta a ruwan zafi don ɓawon ya saki, ta tsiro, na huda tsohon kaskon suyar Inna na dasa. Waya kuwa cikin matacciyar fanka na kwanto ta.

Wayar nan ce ta fara ja mini magana. Wata maƙwabciyarmu ta leƙo ta ga kuka ɗaure da jan ƙarfe, ta yi salati ta fita. Kafin la'asar labari ya kai bakin kasuwa cewa ɗan gidan nan yana ɗaure mutane. Wani dattijo ma ya tare ni da zancen autansa da ya ƙi tsawo, yana yi yana kallon hannuna.

Inna ba ruwanta da asiri. Ita dai ta samu kukar da ba sai an hau ba. Duk ganyen da na yi wa lissafi, sai in tarar da shi a miyar dare.

Na je Zariya wata hidima, na dawo kasko wayam. Ashe Baffa ne ya tausaya wa kukar. Ya haƙa rami a bayan gida, ya zuba takin shanu, ya dasa ta, wayar kuma ya gyara akurkin kaji da ita. Kafin damina ta janye kukar ta kamo ƙuguna.

Na zauna ina yi masa bayani a tsanake. Na ce, "Baffa, akwai wani itacen da ake reno tun 1625. Yana Hiroshima aka jefa bam a 1945, ya tsira, a 1976 aka ba Amurka shi kyauta. Har yau yana Washington, cikin kasko."

Baffa ya ajiye carbi.

"Shekara ɗari huɗu a kasko?"

Na ce ƙwarai.

"Kai, ɗan nan! Duk zuriyarsu an rasa mai gona ne?"