Maɓalli Ɗaya, Bokaye Goma

Ka danna Fn tare da maɓallin nan mai hoton jirgin sama, Wi-Fi ya mutu, ka sake dannawa ya ƙi tashi. A nan ne halin masu Linux ke fitowa fili. Maɓallin ɗaya ne, amma masu sauraronsa uku: manhajar da kamfani ya dasa a cikin kwamfutar, da kanel, wato zuciyar Linux, da manhajar da kake gani a kan allo. Wani lokaci biyu su ji dannawar tare, wannan ya kashe, wancan ya kunna, kai kuwa ka rantse ba abin da ya motsa.

Wanda ke fara kawo ƙara wurin masu gyara shi ne Malam Ba-Ya-Aiki. Wace kwamfuta ce? Baƙa. Me dmesg, wato rahoton kanel, ya nuna? Ba ya aiki. Mako guda za a yi ana lallashinsa kafin ya faɗi sunan kamfanin.

Sai wanzami mai yanke hannu don ciwon yatsa. A wasu kwamfutocin Lenovo Yoga, direban ideapad_laptop ya taɓa dagewa cewa an kulle Wi-Fi da makunnin gefe, alhali ba su da wannan makunni ko kaɗan. Umarnin rfkill yana buɗe kullen manhaja, amma wanda aka ce na ƙarfe ne ya fi ƙarfinsa. Maganin wanzami shi ne a hana direban tashi gaba ɗaya. Wi-Fi kuwa ya dawo, ba ƙarya. Sauran ayyukan direban ne suka bi ruwa, shi ko ya riga ya karɓi godiyarsa ya yi gaba.

Akwai na-wurina-lafiya-lau. Kwamfutarsa ta wani kamfani ce daban.

Wanda nake tausayi, kuma nake girmamawa, shi ne mai git bisect, umarnin farautar canjin da ya ɓata abu. Ya san jiya maɓallin na aiki, yau ba ya yi, tsakaninsu kuma akwai canje-canje 10,000 a kanel. Sai ya raba su biyu, ya gina kanel, ya sake tada kwamfuta, ya danna maɓalli, ya sake rabawa, kamar sau 14. Shayinsa ya huce, fankar kwamfuta na kuka, maiɗakinsa ta gaji da kiran abinci. A zagaye na tara sai ya tuna tun a na uku ya rubuta "mai kyau" inda ya kamata ya ce "mara kyau". Ba ya zagi. Sake farawa yake yi.

Shehin ACPI kuwa ba ya taɓa maɓallin ma. Teburin DSDT na manhajar da kamfani ya dasa yake zazzagewa ya karanta layi-layi, ya nuna maka inda kwamfutar ke tambaya ko Windows ce ke magana da ita, Linux kuma ta amsa da e don a zauna lafiya. Ya tsine wa injiniyan da bai taɓa gani ba, sannan ya rubuta faci mai layi shida, ya nemi mai kwamfutar ya gwada.

Shiru. Bayan wata biyu mai kwamfutar ya ɓullo da albishir: ya sayar da ita.

Ni ma ina da gurbi a cikinsu. Kwana uku na yi ina gina kanel a kan wata tsohuwar ThinkPad da Wi-Fi ɗinta ya mutu, har ƙanena ya ɗauke ta zai goge tebur, babban yatsansa ya ture wani ɗan makunni da ke gefe. Fitilar Wi-Fi ta yi kore.