Zobban Kawu da Injin Niƙa

Tun ranar da kawuna ya sayi 'yar tirelar nan da ake maƙalawa a bayan mota, ya naɗa kansa injiniya, ni kuwa yaron riƙe guduma. Aikinta na farko shi ne kai injin niƙa mai kilo 250 daga Kano zuwa ƙauye. Sai dai tirelar ba ta da inda za a sarƙafa igiya, katako ne kawai shimfiɗe a kan ƙarfe.

Kawu ya sayo zobban ƙarfe huɗu masu kauri, muka nufi wajen mai walda. Mutumin ya leƙa ƙarƙashi, ya ce, "Alhaji, a jikin shasi ake kafa waɗannan. Ko a yi musu walda, ko a huda a sa bol da noti, irin wanda aka buga 8.8 a kansa, a tare shi da farantin ƙarfe ta ƙasa." Da ya faɗi kuɗin aiki, Kawu ya tambaye shi ko har da kujerar Makka a ciki. Muka dawo gida.

Ƙusa 'yar inci shida muka buga a katako, muka lanƙwasa ta kan kowane zobe. Kawu ya ja da yatsa biyu, ya ce ko giwa ce ta ɗauru. Muka ɗaure inji da bel, muka ƙara da robar tsohon tif don samun natsuwa.

Abin da bai shiga lissafinsa ba shi ne birki. Ƙa'idar ɗaure kaya ta Turai da ta Amurka duk sun ɗauka cewa in aka taka birki da ƙarfi, kaya na turawa gaba da kusan kashi 80 cikin 100 na nauyinsa. Ga injinmu, kilo 200 ke nan, buhu biyu na masara suna fizgar ƙusar da aka gwada da yatsa biyu.

Mun wuce Dawanau kaɗan, a hanyar Katsina, wata akuya ta yanke shawarar tsallaka titi. Kawu ya danne birki, muka ji ƙarar kamar an rushe rumfa. Injin ya taho ya rungumi but ɗin mota, zobban baya biyu na reto a jikin bel, kowanne da guntun katakonsa. Ko lanƙwasa ba su yi ba, abin da Kawu ya fi nanatawa ke nan ga mutanen da suka taru. Akuyar ko waiwaye.

Washegari mai walda ya tarbe mu da "Alhaji, an dawo lafiya?" Ya kafa zobba uku a shasi, ya ƙara da sabo, Kawu ya biya ba ciniki, ya wuce wajen mai gyaran bodi. Tsohon zobe na huɗun yana tsakar gida, a nan ake ɗaure ragon layya.