Kafin Ka Rufe Motarka Mai Batir Biyu da Tamfol

Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, waɗanda a da suke yi wa Prius kallon akwatin sabulu mai taya suka koma tambayar kuɗinta a ɓoye. To, ka saya, Allah ya sanya alheri. Ga shi kuma tafiya ta kama ka, aikin Hajji ne ko kwas na wata shida, kana shirin jefa mata tamfol kamar yadda Baba yake yi wa fijo 504, in ka dawo yaran unguwa su tura ta tashi. Alhaji, zauna tukuna. Wannan ba a tayar da ita da turi. In batirinta ya mutu, ko daga giyar P ba za ta fita ba, sai dai majiya ƙarfin su yi gumi su watse.

Batir biyu gare ta. Akwai babba a wajen kujerar baya, mai ƙarfin volt sama da 200, wanda jin kuɗinsa kawai kan sa hawan jini. Akwai kuma ƙarami mai volt 12, irin na kowace mota. Babban attajiri ne a cikin gida, ƙaramin maigadi ne, kuma makullin ƙofa yana aljihun maigadi. Shi yake tada kwamfutar motar, ita kuma ta buɗe wa babban batirin hanya. Kana Makka kana ɗawafi, shi yana nan yana gadin agogo da ƙararrawar ɓarayi, yana kasa kunne ko makulli zai iso. Haka zai yi ta zubar da ƙarfi, cikin 'yan makonni ya sume, balle in tun daga Kwatano yake tari. Attajiri na ciki da dukiyarsa, ba mai buɗe masa.

Maganin da sauƙi a baki. Lokacin kullen korona a 2020, kamfanin Toyota a Birtaniya ya shawarci masu irin motar su riƙa kunna ta har kalmar READY ta fito, su bar ta haka kamar awa ɗaya a kowane mako. A wannan hali ne babban yake ɗura wa ƙaramin caji.

Ina aka samu matsala? Wa zai kunna.

Nan fa ake yin ta. Kada ka ba ƙanen matarka da ya koyi tuƙi bara. Kada ka ba ɗanka na jami'a, domin a ƙamus ɗinsa "ɗumama mota" na nufin Kano zuwa Zariya, a dawo ta Dutse. Duk wanda ya ce maka "haba Yaya, ai kamar tawa ce", gaskiya ya faɗa, kuma haka zai riƙe ta, har rakiyar amarya. Nemi dattijon da yake tsoron mota, wanda ko an ɗora shi a gaba sai ya riƙe ƙofa. Shi ma sai ka yi masa karatu. Ya taka birki kafin ya danna maɓalli, in ba haka ba rediyo kawai zai kunna, ya sha labaran duniya na awa guda, ya ƙarasa kashe maigadin da aka aiko shi ceto. Ka gaya masa shirunta ba mutuwa ba ne, kada ya sake dannawa don bai ji ƙara ba. In injin ya tashi da kansa ya kuma mutu da kansa, ba aljanu ba ne, halinta ke nan. Don haka ma a fili za a yi, ba a rufaffen gareji ba, hayaƙinta ɗan uwan na janareta ne, ba ya sallama.

In ka duba dangi kaf ba ka sami amintacce ba, abin da ba zai ba ni mamaki ba, kira mai gyaran wayar mota ya cire kan ƙaramin batirin, ɓangaren baƙar waya. A tsofaffin Prius cikin but yake, kuma ƙofar but ɗin da lantarki take buɗewa, sai ka shirya rarrafe ta kujerar baya da babbar riga ranar dawowa. Wayoyi masu ruwan goro kuwa na attajirin ne. Wanda ya ce zai "ɗan duba" su da sukuddireba, raka shi bakin ƙofa. Shi ma babban kada ka tafi ka bar shi da yunwa, domin yana rage caji a hankali ko ba a taɓa shi, kuma in ya ƙare sarai injin ba mai juya shi, cajar bakin titi kuma ba ta san yarensa ba. Tafiyar da ta haura wata biyu, dole dai a nemo dattijon nan.

Sauran ƙanana ne. Inuwa, saboda zafin Afrilu ba ya raga wa batir. A ƙara wa tayoyi iska, a saki birkin hannu a sa dutse kada ya manne. A share ɓawon gyaɗa da takardar kilishin da ke ƙarƙashin kujera, in ba so kake gafiya ta yi walima ta wanke baki da wayoyi ba. Makullin a kai shi can ƙuryar ɗaki, nesa da motar, kada su kwana suna hira.

Fetur ma yakan lalace in ya yi watanni a kwance. Masana sun ce a cika tanki don kada raɓa ta taru a ciki. Ni dai na san cikakken tanki a wannan zamani ya fi raɓa jawo baƙi. Ɗauki hoton lambar kilomita da allurar mai a gaban shaidu biyu, ranar da ka sauka kuma ka fara leƙa su kafin ka buɗe jakar dabino, don ka san wa za a ba zamzam, wa za a ba hula kawai.