Kirsimetin da Hanci Ya Ji Jiki

A Disambar 2021, duk mai zuwa Kirsimeti wurin 'yan'uwa a Ingila, hancinsa ne ya fi shan wuya. Kafin hawa jirgi a zura masa tsinken gwajin korona, a sauka a sake zurawa, kuma kai za ka biya ladan mai zurawar.

Ranar 6 ga wata, Birtaniya ta sa Najeriya a jerin ƙasashen haɗari saboda nau'in korona na Omikron. Baƙo ya haƙura. Mai izinin zama kuwa, kwana goma a kulle a otal, fam 2,285 daga aljihunsa. Ranar 15 aka janye dokar. Masu azarɓaɓi suka biya kuɗin ɗauri, masu nawa suka wuce gidan Yaya kai tsaye suka tarar da kaza.