Matar Direbobi

Ni malamin Turanci ne, shi ya sa da direbobin tasharmu suka tashi tarbar uwargidan shugabansu daga aikin Hajji, aka ce ni zan tsara rubutun ƙyallen maraba. Dokar kuwa a kaina take. In suna ya zo da muƙami, ɗan waƙafin saman nan mai nuna mallaka can ƙarshen muƙamin yake zama: the Emir of Kano's palace, ba the Emir's of Kano ba. In kalmar ƙarshen jam'i ce mai s, waƙafin kaɗai ake ɗigawa a bayanta. Na rangaɗa: Welcome, the Chairman of the Drivers' Wife.

Ranar tarba Hajiya ta sauko daga mota, haƙorin Makka na walƙiya. Aka miƙa wa wani ɗan sakandare lasifika ya fassara wa jama'a. Yaron ya ɗaga kai, ya bi kalmomin da yatsa, ya ce: "Barka da zuwa, shugaban... matar direbobi."

Matar direbobi. Ta lasifika. Don kada na baya su ce ba su ji ba, ya sake maimaitawa. Hajiya ta rufe baki, haƙori ya ɓace. Shugaba ya juyo a hankali ya ce, "Malam, mu nawa ne a cikin auren nan?"

Maimakon in yi shiru, sai na buɗe aji. Na ce ranka ya daɗe, ai a Oxford Queen's College ake rubutawa, a Cambridge kuwa Queens', waƙafi a bayan s, don sarauniya biyu suka kafa ta, Margaret a 1448, Elizabeth a 1465.

"Wato in yana bayan s, ba mutum ɗaya ke da abin ba?"

Na ce, "Ƙwarai kuwa."

Ƙwarai kuwa! Da bakina, a gaban surukansa.

Ina neman hanyar sulalewa mai shayi ya riƙo hannun rigata. "Malam, gaba ka riƙa barbaɗa wa kowace kalma nata, kamar gishiri, kowa ya ɗauki rabonsa. Ko ka ce musu ƙuda ne ya sauka a wurin." Ya ƙara da cewa shi shekara da shekaru allonsa ba waƙafi, kuma ba a taɓa raba masa mata ba.

Ƙyallen yanzu shi ne rumfar teburinsa, rubutun yana kallon titi.