Shandaliya a Yammacin Zamfara: Nazarin Fitilar da Ake Haskawa da Tocila

Daga cikin kayan ƙawar da suka shigo gidajen masu hali a Anka da Gummi da Bukkuyum a 'yan shekarun nan, babu wanda ya cancanci nazari kamar shandaliya, wato fitilar nan mai rassa da tarin ƙwayaye da 'yan gilasai masu lilo wadda ake ratayewa a tsakiyar rufin falo, domin ita kaɗai ce na'urar lantarki da darajarta ba ta rataya a kan samuwar lantarki ba. Firji da fanka da talabijin duk sukan zubar da mutuncinsu da zarar an ɗauke wuta, amma shandaliya tana nan da kwarjininta, ko da ta yi wata uku ba ta kama ba.

Fitilun da suka gabace ta ba su san wannan gata ba. Aci-bal-bal, wadda ake zuba wa mai a sa mata lagwanin auduga, da fitilar ƙwai mai shan kananzir, an yi su ne domin a ga tuwo a ga kunama, kuma babu wanda ya taɓa tambayar ko sun dace da launin labule. Hatta fitilar batir da aka riƙa haɗawa da tsohon faifan CD, wadda jama'a suka raɗa wa suna “Obasanjo ya kasa”, muninta bai hana ta aikinta ba. A tsawon wannan zamani hukumar da ke da alhakin kawo haske ta fi ƙwazo wajen sauya suna: an kafa NEPA a 1972, ta koma PHCN a 2005, sannan a 2014 aka miƙa rabon wutar Zamfara da Sakkwato da Kebbi da Kaduna ga kamfanin Kaduna Electric, alhali yaran unguwa har gobe NEPA suke kira idan ƙwai ya kama, saboda ba su ga dalilin koyon sabon suna ba.

Shandaliya takan yi doguwar tafiya kafin ta iso. Da yawa daga irinta a garin Guzhen na lardin Guangdong a ƙasar Sin ake ƙera su, su sauka Legas, su biyo ta kasuwar Alaba ko ta Sabon Garin Kano, kuma a wani wuri tsakanin Kano da Gusau asalinsu kan sauya, ta yadda mai shago zai rantse cewa 'yar Turkiyya ce ko 'yar Dubai. Ba a rataya ta a rufin azara, don haka sayenta kan jawo yin silin POP, wato rufin farar ƙasa mai zane da matakai, wanda yakan rage tsawon ɗaki da kusan kamu guda. Sakamakon haka shi ne duk dogon baƙo mai doguwar hula sai ya rusuna idan zai ratsa falo, abin da maigida kan lissafa a cikin ladabin da ake yi masa. Ƙurar hunturu da gizo-gizo da zanzaro kuma sukan ƙara mata ado na cikin gida wanda masu ƙerawa ba su zana ba.

Wanda ya san jeren ɗakin amarya ba zai yi mamakin wannan al'ada ba, domin kwallaye da samiru da tangaran da ake jerawa tun daga ƙasa har rufi ba domin cin abinci aka saye su ba, kuma shandaliya jere ce da ta gaji da bango ta koma sama. Ranar ganin ɗaki, mata sukan tsaya a ƙarƙashinta, kowace ta kunna tocilar wayarta ta ɗaga, a haska fitila domin a gan ta, a yi tubarkalla, sannan uwar amarya ta ce da akwai wuta da sun ga aiki. Wannan jimla ita ce ainihin hasken shandaliya, kuma ba ta buƙatar mita. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, tayar da janareto domin kunna shandaliya ya zama ma'aunin matsayin baƙo: suruki mai kuɗi ko ɗan siyasa yakan samu rabin sa'a, abokin ciniki minti goma, ɗan'uwa na jini kuwa a ba shi labari. Gidajen da suka sa sola ma ba su tsira ba, saboda batirin na cajin waya ne da fanka da ɗan ƙwai guda a lungu, ba na ciyar da ƙwayaye ashirin da huɗu ba.

Abin da zai ba manazarci mamaki shi ne inda manyan masu zanen fitilu na duniya suka dosa. A 1951 Isamu Noguchi ya fara ƙera fitilunsa na Akari a birnin Gifu na Japan da takarda da gora, a 1958 kuma Poul Henningsen na Denmark ya fito da wata mai ganyayen ƙarfe 72 waɗanda aikinsu ɓoye ƙwan don kada ya kashe ido. A yau otal-otal a Turai suna biyan kuɗi mai tsoka domin rataya saƙaƙƙen kwando ko ƙwarya mai huda a kan ƙwan lantarki. Da wani magidanci a Bukkuyum zai rataya faifai ko ƙwarya a falonsa haka nan, da dangin matarsa sun kira taro a kan halin da 'yarsu ta shiga, sai fa idan ƙwaryar ta fara zuwa Dubai ta dawo a kwali.

Akwai kuma matsalar ranar da wuta ta zo. Sau da yawa takan zo ko dai da rauni, ƙwayayen su yi ja kamar masu jin kunya, ko kuma da ƙarfin da zai ƙone rabinsu kafin a gama murna, ga shi ƙwayayen shandaliya sirara ne da ba a samu a kowane shago, wani lokaci sai an aika Gusau. Saboda haka magidanta masu hangen nesa sukan liƙe makunninta da salatif, su gargaɗi yara cewa ko an kawo wuta kada wanda ya taɓa.